A Jinjina wa Masu Ruwan Kantabari

Abu biyu ne ke hana ɗan kasuwa barci: haja ta ƙare masa ana tsakiyar ciniki, ko mai saye ya dawo da kaya ya ce ba su yi ba. Tun da aka fara kasa kaya a rumfa attajirai ke fama da su, har yau ba su rabu da su ba. Amma akwai wasu haziƙai a Turai da suka kashe bakin duka biyun tun fiye da shekara 800 da suka wuce, kuma littattafan tarihin likitanci sun ƙi ba su haƙƙinsu. Za ka ga an cika shafuka da Jalinusu da Ar-Razi da Ibn Sina, mutanen da majinyatansu kan mutu a kuma ɗora musu laifi, a bar gwanayen da ba a taɓa kama maganinsu da gazawa ba ko sau ɗaya. Ina nufin masu kasuwancin waraka a hubbaren waliyyan Kirista, kuma sarakunansu su ne mutanen Kantabari ta ƙasar Ingila.

Ranar 29 ga Disamba, 1170, da magariba ta kawo jiki, jarumai huɗu na Sarki Henri na Biyu suka kutsa babbar majami'ar Kantabari suka sare Akbishop Tomas Beket. Sara ɗaya ya fille ƙoƙon kansa, wani da ya rako su ya sa tsinin takobi ya watsa ƙwaƙwalwar a daɓe. Ruhubanawan gidan ba su cika shiri da Beket ba yana raye, don ba a cikinsu ya tashi ba, mutumin fada ne da sarki ya ɗora musu. Sai da suka zo tuɓe gawar suka tarar da rigar gashi mai kaushi a jikin fatarsa, ƙwarƙwata na yawo a ciki, nan take suka gane ashe da waliyyi suke zaune. Kafin gari ya waye mutane sun tsoma tsummoki a jinin, wasu sun shafa a ido, ruhubanawa kuma sun kwashe abin da ya rage sun adana. Abin nema ya samu, matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo: sauran majami'u sai sun tura mutane ƙasashe neman ƙashin waliyyi, su kuwa har gida aka kawo musu nasu.

A nan basira ta fara aiki. Jinin babban mutum gaba ɗayansa bai wuce lita biyar ba, balle wanda aka kankaro daga ƙasa. Marar dabara zai raba shi a mako guda ya koma gida. Su kuwa ɗigo suka riƙa sakawa a ruwa mai yawa, wai don kada launi da ɗanɗano su tayar wa mai sha da zuciya, kuma don kada albarkar ta ƙare. In tulu ya yi ƙasa a ƙara ruwa. Da wannan aka shayar da Ingila da maƙwabtanta tsara bayan tsara, ba a taɓa jin ranar da aka ce wa maziyarci ya yi haƙuri kaya sun yanke ba. Masu tallan maganin basir da lasifika a bakin kasuwanninmu, waɗanda sai sun sayi itace sun dafa sassaƙe, ya kamata su ji kunya.

Kada wani ya ce sayarwa ake yi. Allah ya kiyaye. Maƙeran gari ne ke zuba 'yan ƙananan kwalabe na dalma da kuza su sayar, a cika su da ruwan, a matse bakin, maziyarci ya rataya a wuya. Abin da ya ajiye a kan hubbare kuwa sadaka ce, da hannunsa ya ajiye. Sadakar ce ta kai fam 1,142 a shekarar 1220, lokacin da aka mayar da ƙasusuwan sabon hubbare na zinariya. Dattawan da suka ga zamanin fam da sule sun san fam ɗaya kwabo 240 ne, lebura kuwa a wancan zamani yini yake yana aiki a kan kwabo ɗaya ko biyu. Har yau masu tono suna tsintar kwalaben a taɓon kogin Landan da ƙasashen ƙetare, shaidar cewa haja ta karɓu.

A jikin wasu kwalaben akwai rubutu da Latin, wanda a ganina ya fi duk wani abu da aka taɓa rubutawa a kan kwalin magani. Ma'anarsa ita ce Tomas shi ne likitan da ya fi kowa, ga majinyata na kirki. A lura da ƙarshen nan. Idan ka sha ka warke, ka tabbata mutumin kirki, ruwa kuma ya tabbata magani. Idan ka sha ka mutu, to, ka san abin da ka aikata. Wa zai dawo ya tsaya a gaban jama'a ya ce bai warke ba, alhali faɗin haka tonon asirin kansa ne? Kafin a ƙirƙiro kwalaben dalma, a cikin 'yan akwatunan katako ake ɗaukar ruwan, katako kuwa ya saba tsagewa ya zubar da abin da ke ciki. Wani zai ce laifin kafinta ne. Benedik, rahibin da aka ɗora wa rubuta karamomin, ya fi mu sani: ruwan ne ke gudun masu zunubi. Ko yoyon akwati bai tafi a banza ba.

Benedik da abokin aikinsa Wiliyam sun tara karamomi sama da 700 cikin shekara goma, kuma da yawansu salonsu ɗaya ne: majinyaci ya ƙarar da dukiyarsa a wurin likitoci, ba su tsinana masa komai ba, ya zo Kantabari ya miƙe. Tun a watan Fabrairun 1173 Fafaroma Alekzanda na Uku ya tabbatar da waliyyancin Beket. A kabarin farko, wanda ke ɗakin ƙarƙashin ƙasa, an gina murfin dutse mai ramuka a gefe, daidai yadda mutum zai cusa kai ya sumbaci akwatin gawar. Mai tari ya cusa ya fito, mai gyambo a fuska ya cusa, mai ciwon ido ya biyo baya, kowa leɓensa a wuri ɗaya. Adalci ke nan, ba a ware kowa ba.

Harkar bashi ma ba a yi sake da ita ba. A tagogin gilashi masu launi da ke kewaye da wurin hubbaren, waɗanda suna nan har yanzu, an zana labarin wani jarumi mai suna Jodan ɗan Eisulf. Cuta ta shiga gidansa, ɗansa ya mutu, aka ɗura masa ruwan Tomas ya farfaɗo. Uban ya yi bakance zai kai kuɗin azurfa huɗu Kantabari kafin tsakiyar azumin Kirista, sai hidima ta sha kansa ya jinkirta. Aka aika masa gargaɗi ta bakin wani kuturu da ya yi mafarki, bai motsa ba. Sai babban ɗansa ya faɗi ya mutu. A tagar ana ganin iyayen sun zo suna zazzage kuɗi a kan kabari. Manomin da bai iya karatu ba, da ya ɗaga kai ya ga wannan hoton, ba ya bukatar wani ya tuna masa da alkawarinsa. Wane asibiti ne a yau ke da sashen karɓar bashi mai aiki haka?

Gaskiya mutanen Kantabari gado suka tarar. Shekara 600 kafinsu, Girigori bishop na birnin Tur a Faransa ya riga ya aza harsashi. Shi da kansa ya ce ƙurar kabarin Waliyyi Martin da aka dama masa a ruwa ce ta raba shi da atuni. Ya kuma bar mana labarin Leunast, wani babban malamin coci daga Burj, mai yanar ido. Mutumin ya yi wata biyu zuwa uku a hubbaren Martin yana azumi, idonsa ya fara washewa. Da ya koma gida sai kwaɗayin ƙarin gani ya sa ya kira wani likita Bayahude ya yi masa ƙaho a kafaɗu. Makanta ta dawo. Ya sake komawa hubbare ya daɗe, shiru. Mai ƙaramin tunani zai ce yana ce kawai, da ma ba ta tafi ba. Girigori ya yanke hukunci cewa laifin Leunast ne da ya haɗa waliyyi da wanzami. Da labari ɗaya an wanke hubbare, an shafa wa abokin gasa baƙin fenti, an kuma ja kunnen duk mai tunanin leƙa wani shago.

Sai batun samo haja, wanda ya fito da jarumtar mutane. Addu'a kyauta ce, ko a gadon jinya ana yinta, wannan shi ne babban aibinta a idon mai neman riba. Ƙashi kuwa sai an zo inda yake. Saboda haka gidan ibadar da ba shi da ƙashi kamar rumfa ce ba kaya. A ƙarni na 9 wani dikon na Roma mai suna Deusdona ya gane haka, ya riƙa bin kaburburan ƙarƙashin ƙasa na birnin shi da 'yan'uwansa, in yanayi ya yi kyau su tsallaka duwatsun Alfs su kai wa gidajen ibadar Jamus. Einhard, marubucin tarihin Sarki Shalman, na cikin abokan cinikinsa, kuma a 827 mutanensa suka fasa kabari a Roma cikin dare suka kwaso ƙasusuwan shahidai biyu, Marselinus da Bitrus. Ruhubanawan Konk a kudancin Faransa sun fi haka haƙuri. Labarin da su da kansu suke bayarwa da alfahari shi ne sun tura ɗayansu garin Ajan, ya zauna shekara goma yana nuna kirki har aka ba shi gadin kabarin Waliyyiya Fuwa, ranar wani biki kowa na wurin cin abinci ya fasa ya gudu da ita. Ba sata ba ce, in ji malaman harkar, domin da waliyyiyar ba ta son tafiya da ba ta ɗauku ba. Da wannan fatawa 'yan kasuwar Bari suka kwaso Waliyyi Nikolas daga Mira a 1087.

Wanda ya fi burge ni shi ne Hiyu, bishop na Linkon, wanda shi ma daga baya aka ce waliyyi ne. Ya je ziyara gidan ibadar Fekam a Nomandi, aka fito masa da ƙashin hannu da suke cewa na Maryamu Magadaliya ne, a naɗe cikin alharini. Ya sa wuƙa ya farke naɗin. Ya gwada ɓallar ƙashin da yatsa ya ƙi, ya kai baki ya gwada da haƙoran gaba, ya mayar da shi kan turame, ya gutsuro biyu ya miƙa wa limaminsa Adam ya ajiye. Masu gida suna ihu cewa yana gaigayar kayansu kamar kare. Adam ɗin ne ya rubuta labarin, kuma a matsayin yabo ya rubuta shi. Ita kuwa Elizabet ta Hangari, gimbiyar da ta bar fada ta gina asibiti a Marbog tana wanke majinyata da hannunta har ta rasu a 1231 tana da shekara 24, gawarta ba ta gama sanyi ba masoya suka yanke gashinta da farcenta da tufafinta. Sai a lokacin ta fara amfani yadda ya kamata.

Da bukata ta yi yawa, haja ma ta yi albarka. Kan Yohanna Mai Baftisma ya bayyana a Kustantiniya, ya kuma bayyana a wani gidan ibada a yammacin Faransa. Wani shugaban ruhubanawa mai suna Gibar na Nojan, wajen 1120, ya kasa haƙuri ya rubuta littafi yana tambaya ko mutumin kai biyu gare shi. Hassada ce kawai, gidansa ƙarami ne ba maziyarta. Irinsa ba su taɓa ƙarewa a cikin cocin ba. Dokar daular Rum ta hana cinikin gawar shahidai tun 386. Agustin na Hippo, ɗan arewacin Afirka, ya yi ƙorafin masu yawo cikin rigar zuhudu suna tallan gaɓoɓin da ba a san ko na waye ba. Babban taron Lateran na 1215 ya hana sayar da tsofaffin ƙasusuwa, ya ce sababbi kuma sai da izinin Fafaroma. Hassada ga mai rabo taki ce. Kusan shekara 200 bayan haka, da Chosa ya rubuta hikayoyinsa na maziyartan Kantabari, akwai mai yawo da ƙasusuwan alade a kwalba yana tatsar ƙauyawa, kuma masu karatu ba su ga baƙon abu ba.

Dole a ambaci marasa wayon zamanin, don a ga bambanci. Akwai Basil na Kaisariya, a Turkiyya ta yau, da ya gina unguwa guda ta jinya wajen 370, har da wurin kutare. Akwai Benedik na Nursiya da ya rubuta wa ruhubanawa doka cewa kula da marar lafiya yana gaba da komai. Asibitin Fantokirato na Kustantiniya, na 1136, gado 50 gare shi da likitoci masu albashi, har da likita mace. Asibitin Yohanna a Ƙudus yana kwantar da Kirista da Musulmi da Bayahude. A Kantabari kanta Akbishop Lanfarank ya gina gidan kutare a Habuldon tun wajen 1084. Kustantin Ba'afirke ya zauna a Monte Kasino yana juya littattafan likitocin Ƙairawan daga Larabci zuwa Latin, Jerad na Kirimona ya ƙare rayuwarsa a Toledo kan Ƙanun na Ibn Sina da littafin tiyatar Az-Zahrawi. Me suka samu? Wankin gyambo, kwasar bayan gida, ciyar da bakin da ba zai biya ba, da ciwon ido wurin karatu. Gado 50 yana cika. Hubbare ba ya cika.

'Yan ƙungiyar Waliyyi Antoni ne suka iya haɗa biyun. Akwai cutar da ake kira wutar Antoni, mai ƙona gaɓoɓi har yatsu su yi baƙi su guntule, wadda yanzu aka san wata irin burtuntuna ce a hatsin rai da talakawa ke yin burodi da shi. Majinyaci ya bar ƙauyensa ya zo gidansu, a ba shi burodin alkama mai kyau da nama, a kuma ba shi ruwan inabin da aka kwarara a kan ƙasusuwan waliyyin. Ya daina cin gubar, sai ya ji sauƙi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: ba a taɓa jin wanda ya yi wa burodi bakance ba. In ya koma gida ya koma wa tsohon hatsinsa cutar ta dawo, an san dalili, ya koma wa zunubi.

A 1307 wakilan Fafaroma suka je Herefod binciken karamomin Bishop Tomas Kantiluf, suka ƙirga abin da aka rataye a hubbarensa. Sun sami sandunan guragu 108, da siffofin mutane da gaɓoɓi na kakin zuma sama da 1,400. Al'adar ita ce a auna majinyaci da zare daga kai zuwa ƙafa, a yi lagwanin kyandir da zaren a kai wa waliyyi, don haka dogon mutum ya fi gajere tsadar jinya. Lissafin ya yi kyau ƙwarai, musamman da yake ba a ɓata shi da adadin waɗanda suka zo da sanda suka koma da ita, ko waɗanda aka binne a hanya ba. Masanin tarihi Ronald Finucane, da ya bi diddigin karamomi kusan 3,000 a littafinsa na 1977, ya lura cewa da yawa cututtuka ne masu tafiya su dawo don kansu, warakar kuma kan zo bayan kwanaki ko makonni. Ai wannan ma ƙarin yabo ne. Zazzaɓin da zai sauka ko ba a sha komai ba, sun samo hanyar da zai biya haraji kafin ya sauka.

Manya ma sun shaida. A 1179 Sarki Luwi na Bakwai na Faransa ya tsallako teku zuwa Kantabari saboda ɗansa Filib na kwance rai a hannun Allah, ya ajiye wani jan yaƙutu da ba a taɓa ganin irinsa a Ingila ba. Yaron ya tashi, aka rubuta. Uban ya koma gida shanyewar jiki ta kama shi, ya rasu a shekara mai bi, wannan ba a sa shi a lissafi ba. Su masu gidan kuwa, saboda tawali'u, sun bar wa baƙi ruwan albarka. Tun kafin a kashe Beket shugabansu Wibat ya janyo musu ruwan marmaro daga bayan gari ta bututun dalma, yana ratsa tankunan tacewa biyar kafin ya iso ɗakin jinyarsu da madafa. Taswirar aikin tana nan. Haka Fafaroma Kilemen na Shida, da annoba ta shiga Abinyon a 1348, ya bi shawarar likitansa Gi na Sholiyak ya killace kansa tsakanin wuta biyu, ya bar wa talakawa falalar cunkoso.

Wajen 1512 masani Erasmus ya kai ziyara Kantabari tare da abokinsa Jon Kolet. Aka buɗe musu akwati, ga tsummokaran da aka ce waliyyin ya riƙa share gumi da majina da su, aka miƙa wa Kolet ɗaya kyauta. Ya riƙe shi da bakin yatsu, ya tsuke fuska ya ajiye. A Habuldon wani tsoho ya tare su da takalmin Beket su sumbata su ba da na goro. Mutanen boko ke nan, ba su san alheri ba.

In ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. A watan Satumban 1538 Sarki Henri na Takwas ya aiko aka rushe hubbaren, aka loda zinariya da duwatsu a amalanke zuwa Landan, daga baya aka shelanta cewa Beket maci amanar sarauta ne, a kankare sunansa daga littattafan ibada. Yaƙutun Sarkin Faransa ya koma zobe a babban yatsan Henri. Da yake sarki ne mai son gyara, bai tsaya tantance masu ƙashi da masu wankin gyambo ba: asibitin Tomas da ke Sadak a Landan ma an rufe shi a 1540, majinyata suka koma bakin titi, sai a zamanin ɗansa aka sake buɗewa da sunan wani Tomas ɗin daban. Wasu na cewa Henri ya kashe sana'ar. Ƙazafi ne. Duk ranar Juma'ar da ke gaban Ista yakan murza zobba a tafin hannunsa a raba wa masu farfaɗiya da ɗaurewar jijiya, yana kuma shafa wuyan masu kumburin maƙoshi su warke da albarkar sarauta. Abokin gasa kawai ya rufe wa shago. Gyambon ƙafarsa ne dai ya ƙi jin hannun, har ya tafi da shi kabari a watan Janairun 1547.